Hannun Baba a Ƙirjin Yaron Roba

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har mai kayan miyan da ke bakin Ƙofar Sauri sai da ya ce, "Sista, an ce kun tahi ƙasar waje wasa da 'yar tsana?" Ƙawayena na makarantar jinya kuwa sun ishe ni a waya, kowacce so take in faro mata daga tushe. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda na ba labarin sai in tsallake wurin da ya fi ci mini rai. Shi ya sa na zauna in rubuta shi ɗungurungum, wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin gaggawa na yara, a wani asibiti nan cikin Katsina. Aka zaɓi mutum huɗu daga sashenmu su je horon aiki tare, irin na lokacin da aka shigo da yaro rai a hannun Allah. Ana gwajin ne a kan yaron roba, don in za a yi kuskure a yi shi inda ba mai mutuwa. Ni ce, da Rabi abokiyar aikina, da wani matashin likita Dakta Nura, sai wani babban likita. Ana jibi tafiya matar babban likitan ta kwanta rashin lafiya, aka ce an maye gurbinsa. Na tambayi Rabi da wa. Ta toshe baki da gefen hijabi tana dariyar mugunta, ta ce, "Da Baba."

Baba mahaifin mijina ne. Tsohon likitan yara ne, ya yi ritaya aka roƙe shi ya dawo, kuma da wuya ka sami gida a unguwarsu ta Ƙofar Durbi da bai taɓa duba ɗansu ba. Tun da na shiga gidansu ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi, daga bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa. Shi ma yana jin nauyina, in yana da magana da ni sai ya bi ta wajen Hajiya, mahaifiyar mijina. A asibiti kuwa metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta san zancen, ba ta haɗa mu aiki, in yana safe ina yamma. Yanzu ga mu za mu shiga mota ɗaya, mu tsaya bakin gado ɗaya. Na kai kuka wajen maigidana, ya ce, "Ke dai ki bi a hankali, kin san halin Baba." Iyakar taimakon da na samu ke nan.

Sai da rana ta fito sosai muka kama hanyar Jibiya, don ba mai bin ta da duku-duku saboda 'yan bindiga. Baba na gaba kusa da direba, ni kuwa na maƙale a bayan kujerarsa daidai inda madubi ba zai kamo ni ba. Motar ta yi tsit, kowa na jan carbi yana leƙen daji. Ni tsorona biyu ne, kuma wallahi na biyun ya fi. Tun asuba na ƙi shan ruwa, don ban ga da wane baki zan ce a tsaya in zagaya ba.

A Magama aka buga mana hatimi ba wata matsala. Da muka isa Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, takardunmu da katunan rigakafi duk suna hannuna, don haka ni na je gaban jandarma. Yana rubutu kansa a ƙasa ya ce, "Wa ke jagoran tahiyar?"

Na ce, "Baba."

"Baba wa?"

Na yi tsuru-tsuru. Ga Baba tsaye a bayana, ga mutane a layi suna jira. Sunan na nan a kan harshena, amma ko za a yanka ni ba zai fito ba. Rabi ce ta leƙo ta kafaɗata ta faɗa. Jandarman ya ɗago ya dube ni, ya dubi Baba, ya rage murya ya ce, "Surukinki na?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Har Yamai? Allah shi ba ki haƙuri, ɗiyata." Rabi ta yi ta maimaita mini wannan addu'a har Maraɗi.

Maraɗi dai gida ce, in ban da kuɗinsu da dogon burodinsu ba ka cewa ka bar Katsina. A Birnin Ƙonni muka yada zango, direba ya ce shi ba ya tuƙin dare a ƙasar mutane. Lokacin yunwa ta gama gigita ni, ina ganin mutane biyu-biyu. Muna sauka Baba ya ce da Dakta Nura shi zai je wani masallaci can ciki, zai daɗe, kada a jira shi. Ga masallaci kuwa a gabanmu. Na gane don ni ya yi, kunya ta ƙara rufe ni, amma ba ta hana ni cin tsire da dogon burodin nan ba, har ya kankare mini dadashi.

Washegari muna wuce Dogondutse Hausa ta fara ƙaranci, kafin Doso sai Zabarmanci da Faransanci. Abin da ya fara ɗaukar idona a Yamai mata ne a kan babur, da hijabinsu da jakarsu, su ke tuƙa kansu, ba mai ko waiwayarsu. Rabi ta rantse sai ta sayi nata in mun koma. Na ce ta fara sanar da ni ranar, in samu wurin tsayawa a Ƙofar 'Yandaka in sha kallo.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne kusa da kogi, mai tsabta, sai dai bangon ɗakunan kamar kwali. Aka ba ni ɗakin da ke jikin na Baba. Da na ji tarinsa ta bango kamar a kunnena, na tattara kayana na koma wajen Rabi. Abinci kuwa teburi ɗaya ne dogo, maza da mata, manya da ƙanana, kowa na kallon bakin kowa. Ranar farko aka ajiye mana ɗanyen ganye da tumatir, Rabi ta ce, "Halan akuya suka ɗauke mu?" Ashe share fage ne, shinkafa na tafe. Ni dai ban zauna ba, na ɗauki farantina na bi ƙamshi har kicin. Matan da ke girki Zabarmawa ne, ba mu jin yaren juna, amma da na nuna teburin na rufe fuska da tafin hannu sai suka kwashe da dariya suka ba ni kujera. A nan na ci dambu da zogale mafi daɗi a rayuwata, kuma nan ya zama wurin cin abincina har muka baro.

Mai koyar da mu wata likita ce, Madam Ramatu, doguwa mai sanyin murya, tana jin Hausa irin tasu. Ta kai mu wani ɗaki da aka shirya tamkar ɗakinmu na gaggawa, da oksijin da allurai da ambu, wato jakar hura wa yaro iska. A kan gado ga yaron roba, girman ɗan shekara biyar, sun sa masa suna Mudi. Na zaci abin dariya zan gani. Sai ya buɗe ido, ƙirjinsa na hawa yana sauka, ya yi nishi ya kira uwarsa. Wani ne a bayan gilashi ke sarrafa shi, yana iya sa leɓensa ya yi shuɗi, yana iya tsayar da zuciyarsa. A bango akwai allo, in ana danna ƙirji yadda ya kamata layi ya yi kore, in hannu bai nutsa ba ya yi ja.

Madam ta ce dokar ɗakin ita ce, shugaba ya tsaya a ƙafar gado, ba ya taɓa komai, idonsa da bakinsa ne aikinsa. Ya kira mutum, ya dube shi, ya ba shi aiki da ƙarfi. Mai danna ƙirji kuwa ba ya sanin ya gaji, shugaba ne zai gani ya sauke shi ya hau da wani. Sannan ta ce su a nan juya tukunya suke yi, wanda ya saba ba da umarni shi zai karɓa. Ta dubi Baba ta ce shi ne a ƙirji. Ta dube ni ta ce ni ce shugaba.

Aka fara. Wata mata ta faɗo ɗakin da gudu tana kururuwa ɗanta ba ya numfashi, ka rantse ita ta haifi robar nan. Na ba Dakta Nura ambu, na ce Rabi ta nemi jijiya ta shirya allura, duk wannan bai gagare ni ba. Baba ya hau ƙirji ba tare da na ce masa komai ba. Da farko layin kore shar. Can sai ya fara ɗigon ja, sannan ya koma ja gaba ɗaya. Baba ya ba allon baya, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa, yana ta dannawa da iyakar ƙarfinsa, amma hannun ba ya nutsawa. Rabi ta gama nata ta matso kusa da shi tana jira, tana zare mini ido. Na buɗe baki na rufe. Ta yaya zan ce wa mahaifin mijina ya gaji ya matsa, a gaban baƙi? Ina cikin wannan lissafi na'urar bugun zuciya ta ja ƙara ɗaya doguwa. Matar ta zube ƙasa. Na ji Baba ya ce innalillahi a hankali, ya ja zanin gado ya rufe fuskar robar, kamar yadda ya saba.

Ashe duk ana ɗaukar mu a bidiyo. Aka zaunar da mu aka kunna. Na ga kaina a ƙafar gado, hannu a harɗe, kai a sunkuye, sai ka ce amarya a gaban dangin miji, allo na ja a gabana. Madam ba ta yi wa kowa faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi, wa ya ga jan layi? Rabi ta ɗaga hannu, Dakta Nura ya ɗaga, ni ma na ɗaga nawa kamar an ɗaura masa dutse. Baba ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar ba a gan shi a teburin abinci ba.

Da muka koma ɗaki na sauke haushina a kan Rabi, na ce ita da ke tsaye kusa da shi me ya hana ta magana. Ta ce, "Ke da kike ɗiyar gida kin kasa, sai ni? Kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, tunda ba ki aiki da shi. Ba yau aka fara ba. In an kawo yaro ya ɗauke, Baba shi ke ture kowa ya hau ƙirji da kanshi, kuma ba ya sauka. Mun daɗe muna ganin hannun ya yi sanyi. Wa zai faɗa?"

Na je na sami Madam Ramatu ita kaɗai na bayyana mata abin da ke tsakanina da Baba, na roƙe ta ta canza ni. Ta ce ita ma tana da suruki, kuma har gobe ba ta cin abinci a gabansa, don haka ba sai na yi dogon bayani ba. "In kina so in canza ki, yanzu sai in canza. Amma ran da aka kawo ɗan mutane, ke da shi kaɗai cikin ɗaki, wa za ya canza ki?" Na ce ai ba a haɗa mu. Ta yi murmushi kawai ta ce in yi tunani. Na fito ina jin haushinta, don na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban koma na ce ta canza ni ba, ba don jarumta ba, hoton nan nawa na sunkuyar da kai ne ya ƙi barin idona.

Sauran kwanakin muka yi ta wasu gwaje-gwajen, yaro mai jijjiga, yaro mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, ana juya mu wuri-wuri. Baba yana zuwa, yana yin abin da aka sa shi, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ban san ko fushi yake ba, ko da wa yake yi. Ko dambun matan kicin ya daina wuce mini.

Ranar ƙarshe aka mayar da mu yadda muka fara, ni a ƙafar gado, Baba a ƙirji, sauran ƙungiyoyin da suka zo horon na kallo ta bayan gilashi. Matar ta shigo da kururuwarta. Zuciyar Mudi ta tsaya. Ina addu'a a raina Allah Ya sa layin ya zauna kore har a gama, in tsira ba tare da na buɗe baki ba. Bai zauna ba. Da jan ya fara na ce, "Baba," amma muryar ko ni da kyar na ji ta, kukan matar ya haɗiye ta. Na ɗaga kai, karo na farko a rayuwata na dubi fuskarsa sosai, na ga tsoho ne ƙwarai, ya fi yadda nake zato tsufa. Sai na ji murya ta cika ɗakin, ashe tawa ce.

"Baba, hannunku ya yi sanyi. Ku ja baya. Rabi, hau ƙirji."

Ya ƙara dannawa kaɗan, kamar bai ji ba. Sannan ya ɗauke hannunsa ya matsa, Rabi ta faɗa wurin. Na ce, "Baba, ku karɓi allura." Ya ce, "Na karɓi allura," yadda aka koya mana a riƙa amsawa. Layin ya koma kore. Bayan ɗan lokaci robar ta yi tari ta fashe da kuka. Na bayan gilashi suka yi tafi, Madam ta dafa kafaɗata. Ni kuwa so nake ƙasa ta tsage in shige, ban ji daɗin komai ba.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Baba bai yi magana ba sai da direba, shi ma a kan mai da lokacin salla. Ina ta saƙa yadda labarin zai isa Ƙofar Durbi, a ce matar wane ta daka wa Baba tsawa a gaban Zabarmawa. Na san ƙannen mijina, ba za su tambayi dalili ba. Har muka wuce Jibiya ban tuna da jin tsoron daji ba.

Ranar Juma'a da la'asar Hajiya ta aiko wai Baba na nemana. Na je, na cire takalmi a bakin ƙofa na durƙusa, muka gaisa da shi da Hajiya, aka tambayi gajiyar hanya da yara da maigida, ina amsawa. Na jira ya juya wajen Hajiya ya ba ta saƙo kamar kullum. Sai ya kira ni kai tsaye.

"Ɗiyata, tambaya nike son yi miki, kuma gaskiya nike so. Abin da kika gani can, a asibitinmu ana ganin shi?"

Na dubi Hajiya, ta kawar da kai. Nan ba roba, ba gilashi, ba Madam. Na ce, "Ana gani, Baba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ya shimfiɗa hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu, ya juya su gaba da baya. Sannan ya ce, "Ashe da rayukan ɗiyan mutane kuka yi ta girmama ni."

Hawaye suka zubo mini, ban iya sharewa ba. Hajiya ta fara cewa, "Haba Alhaji," ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Na gaya ma metiron ta daina raba mu aiki. Nan gida ki ci gaba da durƙusonki, ban hana ba. Amma can, in kika gani kika yi shiru, ban yafe ba."

Na ce, "To, Baba." Gobe da safe muna tare a ɗakin gaggawa, kuma tun yanzu gabana faɗuwa yake.